Taɓon da ke zama ruwan batir: abin da na gani a bakin wani tafki a Ostiraliya

Ɗan Gumel a Adelaide:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu kun ji ni shiru, karatu ne ya sha mini kai. Makon jiya malamanmu suka kwashe mu zuwa wani ɗan gari mai suna Milang, a bakin Tafkin Alexandrina, inda Kogin Murray ke zuwa ya huta kafin ya faɗa teku. Daga Adelaide tafiyar awa ɗaya da ɗoriya ce. An kai mu ne mu ɗebi ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa mu auna. Abin da na gani ne ya sa na ce sai na kawo shi nan, tunda akwai manoma da maginan rijiya a cikinmu.

Mun murɗa ƙarfen haƙa a gaɓar ruwa, bai fi kamu biyu ba, sai ga wani baƙin taɓo mai santsi kamar baƙin mai, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na tsoma ma'aunin pH, mai auna tsami, ya nuna kusan 7, wato babu tsami babu kanwa. Sai malamar ta ce in lakato kaɗan a kwalba in ɗiga masa haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi, amma mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari. Kafin in ɗaga kai abu ya hau tafasa, ga kumfa ga tururi, kwalbar ta yi zafi har na kusa sakinta. Da ya lafa na sake aunawa, ya faɗo ƙasa da 3. Tsamin lemon tsami ke nan.

Abin da haidurojin ya yi cikin minti biyar, shi iska ke yi cikin makonni. A cikin taɓon akwai wani ma'adini da ake kira fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana nutse cikin ruwa, barci yake yi. Ranar da ruwa ya janye iska ta taɓa shi, sai ya koma asid ɗin farar wuta, wanda ku da ni muka sani da ruwan batir. Tan ɗaya na fairait yana iya haifar da kimanin tan 1.6 na wannan asid.

Mutanen Milang sun ɗanɗana. An gina madatsu biyar a wajen garin Goolwa, aka gama a 1940, don hana ruwan teku shiga tafkin. Sai aka yi dogon fari tun daga ƙarshen shekarun 1990, kogi ya daina kawo ruwa. A 2009 ruwan tafkin ya sauka kimanin mita ɗaya ƙasa da matakin ruwan teku, fiye da hekta 20,000 na gindin tafkin suka fito fili suka bushe. Wani dattijo ya nuna mana hoton gadar katako da jiragen ruwa ke tsayawa, tana tsaye a kan busasshen yashi. Da ruwan sama ya sauko a shekarar, sai ya wanko asid ɗin ya zuba a rafin Currency da Kogin Finniss. Har da jirgin sama aka riƙa watsa garin dutsen farar ƙasa, aka kuma yi jinga a Clayton don a tare ruwa ya rufe taɓon. Ambaliyar 2010 ce ta sake cika tafkin, amma a wasu wuraren ruwan da ke ƙarƙashin gaɓar ya shekara da shekaru yana tsami.

Tambayata: Tafkin Chadi ma ya janye, fadamun Nguru da Haɗejia ma suna janyewa suna dawowa. Shin ba mu zaune a kan irin wannan ba mu sani ba?

Sarkin Shagali:
Ashe da gaskiyar Bahaushe, ruwa ba ya tsami banza. Malam ya tafi har Ostiraliya ya tabbatar mana da karin magana.

Gaskiya Ɗaci:
Ƙanena Ɗan Gumel, Allah Ya ba da sa'ar karatu, amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan matsalar masu ƙoshi ce. Mutanen da ke da jirgin saman watsa farar ƙasa a tafki su ne za su damu da pH. Mu abin da ke kashe mana yara a bakin ruwa amai da gudawa ne. Je kowane ƙauye ka auna tsakanin rijiya da masai, in ka sami taku goma ka yi sa'a. Duk damina sai an kwashi mutane. Ka zo ka tsorata mu da abin da ko sunansa ba mu da shi.

Baba Magini:
Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Shekara arba'in da wani abu ina ginar rijiya tsakanin Guri da Nguru. Wannan baƙar laka mai warin ƙwai na san ta, ba sai an je ƙasar Turawa ba. In muka same ta mukan ce rijiyar ta yi numfashi. Ba mai sauka sai an zura fitila da igiya, in ta mutu to ranar ba aiki. Na taɓa fitar da abokin aikina a sume daga gaba takwas. Amma maganar ta zama ruwan batir, wannan ban gani ba. Lakar da muke fitarwa mukan tara ta a gefe, in ta bushe har gero yake fitowa a kanta. Ni ruwa da harshe nake gane shi: akwai mai zartsi, akwai mai ɗaci, akwai mai garɗi. Ban taɓa yi wa mutane rijiyar da ta cuce su ba.

Ɗan Gumel a Adelaide:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Maganar fitila gaskiya ce, kuma warin nan iska ce mai guba da ke iya kashe mutum a cikin rami. Amma wari kaɗai bai isa shaida ba. Duk inda ciyawa ta ruɓe a cikin ruwa ana iya jin sa. Tunda gero ya fito a kan lakar, to ba irin wadda nake faɗa ba ce. Wadda na gani in ta bushe ko ciyawa ba ta tsirowa, sai ka ga wasu ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, kalar kara busasshe, a cikin tsagogin ƙasar.

Ɗan Baga:
To ni kam magana ta zo inda nake. Gonarmu tana inda dā ruwa ne, kakana da kwalekwale yake wucewa ta wurin. A 1963 ana lissafa tafkin da murabba'in kilomita kusan 25,000, yau kowa ya ga abin da ya rage. Shekara uku ke nan wani ɓangare na gonar yana yin fari-fat da rani, kamar an barbaɗa gari. Wake ya ƙi, masara ta ƙi. In an yi ban ruwa sai ya kwanta a sama ya ƙi shiga. Ruwan rijiyar wurin kuma santsi yake a hannu, sabulu ba ya fita. Ashe asid ne. Buhun farar ƙasa nawa zan saya wa kadada ɗaya? Akwai mai zuwa Maiduguri gobe.

Malamin Gona:
Ɗan Baga tsaya! Don Allah kada ka ba da sautun nan. Garin neman gira za ka rasa ido. Abin da ka siffanta ba tsami ba ne, kishiyarsa ce. Kanwa ce ta taso maka. Kai da ke zaune a ƙasar ungurnu ai bai kamata a gaya maka ba. Ƙasar da ke fari da rani, ruwa ya ƙi shigarta, ta yi santsi kamar sabulu, pH ɗinta yakan haura 8.5. Ka zuba mata farar ƙasa ka yi asarar kuɗinka, ba abin da za ta gyara. Abin da ake sa wa irin wannan jifsam ne, wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a wajen Fika, a haɗa da taki mai yawa, a yi magudana, a wanke ta da ruwa mai daɗi.

Ɗan Gumel, nan ne na ga ka yi gaggawa. Ba duk tafkin da ya janye ne ke barin asid ba. Kafin fairait ya taru sai an sami abu huɗu a wuri guda: ruwa mai ɗauke da gishirin farar wuta, ƙarfe a cikin laka, ruɓaɓɓen tsiro, da rashin iska. Ruwan teku shi ne babban mai kawo farar wutar, shi ya sa akasarin irin wannan ƙasa take bakin teku, inda ruwa ya hau ya rufe cikin shekara 10,000 da suka wuce. Tafkin da ka je ƙofar teku ne. Tafkin Chadi kuwa kusan kashi 90 na ruwan da ke shigarsa daga Shari da Logon yake zuwa, ruwan kogi ne mai ƙarancin farar wuta, kuma in ya ƙafe abin da yake bari ya fi karkata ga kanwa.

Ɗan Gumel a Adelaide:
Na karɓi gyara, Malam. Na haɗa abin da bai haɗu ba. Sai dai ba zan rantse cewa babu ko kaɗan a cikin ƙasa nesa da teku ba, domin a nan an same ta a fadamun Kogin Murray ɗaruruwan kilomita daga teku, inda ruwan ƙasa mai gishiri ya daɗe yana kwance. Amma gonar Ɗan Baga kam kanwa ce, kusan ko shakka babu.

Hajiya Uwani:
Ku maza da wahalar da kai. Ɗan Baga, kankaro farin nan ka sa a faranti, ka matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa yana shuu, kanwa ce. Kowace mace ta san wannan, da me kuke tsammani muke kashe tsamin yakuwa? Ko ka jiƙa zoɓo ka zuba a ruwan rijiyar. In ya tsaya ja wur, ruwan ba kanwa. In ya juya ya yi duhu yana neman kore, akwai ta.

Ɗan Gumel a Adelaide:
Hajiya kin gama da mu. Wallahi abin da ke cikin zoɓo irin aikin takardar awon pH yake yi. Ba zai ba ki lamba ba, amma zai nuna ɓangaren da ruwan ya karkata.

Maman Ilham:
Na daɗe ina karantawa. Ni aikina ke nan, shekara goma sha ɗaya ina ɗakin gwajin ruwa, kuma zan raba gardamar Gaskiya Ɗaci da Ɗan Gumel biyu, kowa ya ɗauki rabi.

Yaya Gaskiya Ɗaci, in aka kawo mini ruwan rijiya goma daga ƙauye, abin da na fi samu shi ne ƙwayar cutar bayan gida. Ƙa'ida ita ce kada a sami E. coli, wato wannan ƙwayar cutar, ko ɗaya a cikin mililita 100. Shawarar da aka saba bayarwa a bar mita 30 tsakanin rijiya da masai, kuma rijiyar ta kasance ta sama da gangare. A bakin tafki abin ya fi muni, domin ruwa yana kusa, wani wurin mita biyu ka same shi, ƙasar kuma yashi ce ba ta tace komai. Nan kana da gaskiya.

Inda ka kauce shi ne ɗaukar cewa abin da ba ya sa gudawa ba ya kisa. Ƙwayar cuta ana tafasa ruwa ta mutu. Sinadarai masu cutarwa irin su arsenik, fulorayid, naitiret da dalma kuwa tafasawa ba ta taɓa su, sai ma ta ƙara musu kauri tunda ruwa ya ragu. Kuma Baba, da girmanka, waɗannan harshe ba ya jin su. Ba ɗanɗano, ba wari, ba launi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na arsenik miligiram 0.01 ne a lita, fulorayid 1.5, naitiret 50. Wane harshe ne zai gane 0.01?

Haɗarin ƙasar da Ɗan Gumel ke faɗa ba tsamin kansa ba ne kawai. Asid in ya ratsa ƙasa yana narkar da abin da ke kwance lafiya: ƙarfe, alminiyam, wani lokaci arsenik, ya kai su cikin rijiya.

Baba Magini:
'Yata na ji. Amma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mu kafin a sha sabuwar rijiya mukan duba ko kwaɗo zai zauna a ciki. Kuma ruwa in ya yi garau kamar hawaye ai ba a tuhumarsa.

Ɗan Gumel a Adelaide:
Baba, maganar kwaɗo tana da tushe, ruwa mai tsami sosai kwaɗo da kifi ba sa rayuwa a ciki. Amma ta garau ɗin ce zan roƙe ka ka sake dubawa. A wuraren da asid ya fito, ruwan ya fi ko'ina haske, har kana ganin ƙasansa. Dalili shi ne alminiyam da ya narke yana aikin da alam ke yi a randa, yana kwantar da duk wani datti. Ruwan da ya fi kyau a ido shi ne babu kifi ko ɗaya a ciki.

A birnin Perth, a wata unguwa da ake kira Stirling, an yi haka wajen 2002. An tsotse ruwan wata fadama aka kwashe baƙar ƙasarta aka tara, don a gina gidaje. Sai mutane suka ga shukokin da suke bai wa ruwan burtsatsen bayan gida suna ƙonewa. Da aka auna, ga tsami, ga arsenik da ya ninka ma'auni sau da yawa. Ba fari kaɗai ke jawo shi ba, hannun mutum ma yana yi.

Bamaraɗiya:
Ina tare da Maman Ilham. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Tibiri ga ta nan kusa da Maraɗi. An haƙa rijiya mai zurfi a 1985, aka ja famfo, kowa yana murna an rabu da ruwan tabki. Ruwa fari tas, ba wari. Sai aka wayi gari yara suna tashi da haƙora jajaye, ƙafafu suna gwamewa, wasu kai ya yi girma. An kai shekara goma sha biyar kafin a tsaya a kan cewa fulorayid ne ya yi yawa a ruwan. Ɗaruruwan yara ne suka nakasa, yanzu manya ne, kana ganinsu a kasuwa. Su ma iyayensu sun ɗanɗana ruwan da harshe, Baba, ba su ji komai ba.

Gaskiya Ɗaci:
Tibiri kam na san labarin, Allah Ya kiyaye gaba. To na sauko rabi. Amma har yanzu ban ga wanda taɓon Ɗan Gumel ya taɓa a cikinmu ba.

Alhaji na Fatakwal:
Ga ni nan. Tun ɗazu nake karantawa jikina ya yi sanyi.

Shekara ashirin da biyu ina Fatakwal, sana'ata shanu. Shekara biyu da suka wuce na sayi fili a bayan gari, bakin wani rafi da ruwan teku ke shiga yana fita, inda itatuwan nan masu saiwa a waje suke. Mutanen wurin suna kiran lakar chikoko. Na kawo mota ta haƙa mini kududdufi huɗu na tarwaɗa, lakar da aka fitar aka jibge ta a gefe ta zama ganuwa. Baƙa ce, tana wari yadda Ɗan Gumel ya faɗa. Ta sha rana wata uku. Muka zuba 'ya'yan kifi, wata na farko lafiya lau.

Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da asuba yaron da ke kula da su ya kira ni yana kuka. Na je na tarar kifi sun taso sama suna haki, wasu sun juya ciki. Na buɗe kunnen ɗaya, ya yi kamar an shafa masa majina. Ruwan kuwa garau, ina ganin ƙasan kududdufin, abin da ban taɓa gani ba. Bayan kwana biyu gefen ya yi ja kamar tsatsa, da wani abu mai ƙyalli a sama kamar an zuba mai. Kuma ɗigon nan ruwan ɗorawa yana jikin ganuwar, har na kankare shi da makulli ina mamaki.

Ni na ɗauka guba aka zuba mini. Na zargi maƙwabta, na zargi yaron da haɗa baki da su. Na sallame shi ranar, ko kuɗin mota ban ƙara masa ba. Na sake zuba kifi, suka sake mutuwa. Yanzu bulon da na kewaye wurin da shi gindinsa yana marmashewa, bututun ƙarfen burtsatsen ya huje cikin shekara ɗaya, in matata ta yi wanki da ruwan farin kaya yana komawa ja. Kuma shi muke sha in mun je can.

Sarkin Shagali:
Inna lillahi. Na janye wasan da na yi a sama.

Ɗan Gumel a Adelaide:
Alhaji, ban ga wurin ba, amma duk alamar da aka koya mana ka lissafa ta da bakinka. Ganuwar nan ita ce masana'antar asid ɗin. Rana ta dafa ta, ruwan sama ya wanke ta ya zuba maka a kududdufi. Majinar da ka gani a kunnen kifi aikin alminiyam ne, shi ke toshe musu numfashi. Abin da ke ƙyalli kamar mai kuma, in ka taɓa shi da tsinke ya tsattsage bai sake haɗewa ba, ƙarfe ne ba mai ba.

Abu na farko, ku daina shan ruwan burtsatsen nan har a auna. Na biyu, kada ka ƙara haƙa komai, kada kuma ka yashe kududdufin ya bushe, domin gindinsa ma irin lakar ce. Barinta cikin ruwa shi ne maganin da ya fi araha.

Malamin Gona:
Wannan darasin an biya shi da tsada a Kasamans, kudancin Senegal. An zo da ayyukan tare ruwan gishiri da yanka magudanai don a faɗaɗa noman shinkafa, sai farin shekarun 1970 ya haɗu da su, ƙasa ta bushe ta yi tsami, filaye da yawa suka zama faƙo. Alhali manoman Jola da Balanta sun daɗe suna noma irin wannan laka da manyan kunyoyi, suna sarrafa ruwa da kansu, ba sa barin gindin ƙasar ya bushe. A Saliyo tun 1934 aka buɗe tashar binciken shinkafa a Rokupr saboda irin wannan ƙasa ta bakin teku. Abin ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, mu ne dai muke nesa da teku. Amma 'yan uwanmu nawa ne yanzu ke sayen fili a Legas da Fatakwal da Kalaba?

Hajiya Uwani:
To Alhaji ya zuba kanwa mana, tunda ita ke kashe tsami.

Malamin Gona:
Hajiya a tukunya haka ne. A kududdufi kanwa za ta narke lokaci guda ta haura da pH ɗin ruwan can sama, kifin da tsami ya bari ita ta ƙarasa shi, gobe kuma ganuwa ta sake zubo wani asid. Ana son abin da ke narkewa a hankali, wato garin dutsen farar ƙasa na noma, ba ƙonanniyar da ake shafe ɗaki da ita ba. Lissafinsa kuwa ba da ka ake yi ba. Kowane kilo na farar wuta da ke cikin laka yana cin kilo uku da ɗan ɗori na garin dutse, a kuma ninka da ɗaya da rabi don kada a gaza. In lakar tana da kashi 1 cikin ɗari, kowane tan nata zai ci kusan kilo 47. Alhaji ka kalli ganuwarka ka ƙiyasta tan nawa ce. Shi ya sa wani lokaci ya fi sauƙi a mayar da lakar cikin rami ruwa ya rufe ta.

Gaskiya Ɗaci:
Shi ke nan, na ga wanda ya taɓa. Amma ina nan a kan bakata cewa a ƙauyukanmu na Arewa masai ne abin fara dubawa.

Maman Ilham:
Ba wanda ya ƙi wannan, Yaya. Alhaji, ga yadda za ka ɗebi ruwan, domin rabin sakamakon banza da muke fitarwa daga wajen ɗiba ake ɓata shi. Mutum ya zo mini da ruwa a gorar lemo, ya kwana uku a but ɗin mota, ya ce in gaya masa gaskiya. Wace gaskiya?

Ka tayar da famfon ya yi ta zuba, har ruwan da ya kwana a bututu ya fita sau uku, sannan ka tara. Awon pH a bakin rijiyar ake yinsa nan take, domin ruwa mai ƙarfe yana canzawa da ya sha iska. Takardar awon tana da araha, masu sayar da kayan kiwon kifi suna da ita. Na ƙwayoyin cuta kwalbarsa daban ce, ɗakin gwaji ke bayarwa, a sa ta a ƙanƙara ta isa a ranar. Na ƙarafa kuma akan ɗiga masa wani asid don kada su kwanta a gindin roba. Ka ce a duba maka pH, gishiri, ƙarfe, alminiyam, salfet (gishirin farar wuta), da arsenik. Ka faɗi arsenik da bakinka, in ba haka ba ba za su sa shi ba. Lakar kuma ka ɗebo daga sama da kuma daga zurfin mita ɗaya, ka ƙulle kowace a leda ka matse iskar, ka sa a sanyi. Kuma awo ɗaya ba ya isa, a yi da rani a yi da damina.

Ɗan Baga:
Na matsa lemon tsami yadda Hajiya ta ce. Ya yi kumfa har yara suna dariya. Na fasa sautun farar ƙasa. Malam zan neme ka ta gefe kan maganar jifsam.

Baba Magini:
A gaya wa 'yar nan mai gwaji, akwai rijiya biyu da na gina a wani ƙauye kusa da Dagona, yaran wurin haƙoransu suna da ja-ja. Mu muna cewa gado ne. In na aiko da ruwan za ta duba mini? Ban ce na yarda harshe ba ya aiki ba.

Maman Ilham:
Aiko Baba, zan duba. Na fulorayid bai da wuyar ɗiba, roba mai tsabta ta isa, ka ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar kafin ka cika.

Alhaji na Fatakwal:
Salam. Kwana tara ke nan, na dawo da bayani. Takardar awo ta nuna ruwan da ke kwance a gindin ganuwa 3 da ɗan abu, na burtsatse 4 da rabi. Ɗakin gwajin sun ce ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita da ake so nesa ba kusa ba. Mun koma sayen ruwa. Yaron nan na neme shi, lambarsa ba ta shiga, na aika a gidansu ta hannun wani direba a ce ina nemansa.

Sai dai takardar babu arsenik. Na faɗa da bakina kamar yadda kika ce, suka ce injin da ke yinsa ya lalace tun bara. Jibi akwai motar shanu da za ta koma Kano babu kaya. Maman Ilham, roba nawa zan ɗiba, kuma zai jure tafiyar kwana biyu?

Maman Ilham:
Zai jure in an ɗiga masa asid ɗin. Koma wurinsu ka ce su ba ka roba biyu da suka riga suka sa wa, rabin lita kowace. Ɗaya daga burtsatse, ɗaya daga rijiyar maƙwabcin da ya fi kusa da kai, in ya yarda. Ka rubuta rana da wuri a jikin kowace da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, kuma a ce wa direban kada ya ajiye su kusa da inji.